Babi na Shida: Daga Gangar Noma zuwa Fiyano

Wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano a watan Janairu, da ya kusa Kura zai ga abin da kakanninmu ba su saba gani ba a wannan ƙasa. Hunturu ya busar da ko'ina, amma dama da hagu fangalai ne kore shar, nan alkama, can albasa, ga tumatir ya fara ja. Ruwan da ya kawo wannan albarka daga madatsar Tiga yake fitowa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo babbar magudana, ya rarrabu cikin gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura. An yi rubutu mai yawa a kan abin da ruwan nan ya yi wa aljihun manomi da tukunyar gidansa. Wannan babi zai duba abin da ya yi wa kunnensa.

Kafin zuwan ruwan, noma a nan na damina ne, kuma babban aikinsa yaƙi da ciyawa. In firi ko maimai ya fi ƙarfin mai gona, sai ya kira gayya. Samarin gari su jeru a bakin kunya, kowa da fartanyarsa, makaɗi kuwa yana biye da su da gangar noma rataye a kafaɗa. Kowane gwarzo yana da takensa. Da an kaɗa taken mutum, ko ya fara sanyi, sai ka ga ya sunkuya ya zabura, ƙura na tashi a bayansa, don ya san gari duka ya ji sunansa a bakin ganga. Rago kuma ya sha zambo a gaban 'yan matan da suka kawo fura. Mai gona ba ya biyan kowa lada. Nasa shi ne tuwo da fura da goro, sai kuma alkawarin da ba a furtawa, cewa ranar gayyar wani shi ma zai fito. A wannan tsari ganga kayan aiki ce kamar fartanya. Ita ke daidaita sarar mutum talatin ta zama ɗaya.

Noman rani bai bar wa gayya wuri ba. Fili an yanka shi ƙanana, ruwa na zuwa bi da bi, aiki ba ya yankewa daga wannan shuka zuwa waccan, kuma ranar da kake dashe maƙwabcinka ma dashe yake, ba wanda ke da sararin taya wani. Sai aiki ya koma hannun 'yan ƙwadago, a yi jinga, a gama, a biya. Ciyawar da ake tara samari dominta, yau mutum ɗaya ne ke goya tankin feshi ya kashe ta kafin azahar. Wanda ya yi jinga da mutum biyar ba zai ƙara na shida don ya buga musu ganga ba. Haka gangar noma ta ja baya a wannan yanki, tun kafin yawancin mutanen karkara su taɓa jin sunan sitidiyo.

Amma gona ba ta yi shiru ba. Je ka wurin bugun shinkafa bayan yanka. An shimfiɗa tamfol, an kwantar da duro a tsakiya, samari sun kewaye shi, kowa ya ɗauko dami ya ɗaga sama ya maka, tsaba na tarwatsewa. A gefe an rataye 'yar sifika a jikin sanda, ko kuma waya ce a aljihun wani, an cika mata memori a wurin masu tura waƙa. A cikin awa guda za ka ji Hamisu Breaker, ka ji Rarara, ka ji begen Annabi, sai kuma kwatsam muryar Shata ta ratso. Abin da ya daɗe yana ba ni sha'awa shi ne, ba a jimawa sai hannuwan nan su bi kiɗan da ke tashi, bugun duro ya hau kansa ba tare da wani ya ce a yi ba. Jiki bai manta da yin aiki a kan kiɗa ba. Abin da ya sauya shi ne, kiɗan yanzu bai san sunan kowa a gonar ba.

Dattawa da yawa suna cewa fiyano ne ya kashe kiɗan Hausa, ya cuɗa shi da na Indiya da na Turawa har ya rasa kamanninsa. Ina jin zafin da ke cikin wannan magana, kuma akwai gaskiya a cikinta da zan dawo kanta. Sai dai duk wanda ya bi tarihin makaɗan da muke kira na gargajiya zai tarar cewa manyansu masu karya shinge ne.

A tsohon tsari, kusan kowane rukunin jama'a da kayan kiɗansa. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe da dandalin 'yan mata. Dundufa ta maƙera ce. Kotso da taushi da jauje na fada ne. Garaya da goge sun fi kusa da 'yan bori, ƙwarya da shantu kuwa na mata a cikin gida. Sai ga Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, wanda bai gaji kiɗa ba, ya ɗauki kalangun da ake gani na mahauta da dandali ya shiga da shi gaban sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da malaman gona waƙa da shi. Kafin ya rasu a 1999, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Yau in aka ce kiɗan gargajiya, kalangun Shata ne ke fara zuwa ran mutum, alhali a farkonsa sabon abu ne da ya saɓa wa inda aka ajiye kowane kiɗa.

Musa Ɗanƙwairo ya fi kusa da zancenmu, domin gidansu gidan kiɗan noma ne. A bayan manoma ya fara buɗe murya kafin ya koma kotso da waƙar fada a Maradun. Wanda ya saurari yadda shi da 'yan amshinsa suke karɓe-karɓe, wannan ya ɗauko ɗa ya miƙa wa wancan, muryoyi na hawa kan juna kafin su haɗu a gindin waƙa, zai ji hayaniyar gayya mai daɗi ba ta bar shi ba har ya rasu a 1991. Ɗan Maraya Jos kuma da gwangwanin kifi aka yi kuntiginsa, an rufe shi da fata, tsirkiya ɗaya tal. Gwangwanin nan jirgin ruwa ne ya kawo shi ƙasar nan, ba mu gaje shi daga Bagauda ba. Da shi ya yi wa karen mota da talakan birni waƙa, shi kaɗai ba 'yan amshi, abin da shi ma fita ce daga al'ada. Barmani Coge ta fito da kiɗan ƙwarya daga tsakar gida zuwa dandalin taro da faifai da talabijin. Ko malamai ba su tsaya a gefe ba: masu nazari sun nuna cewa Aliyu Namangi ya ɗora Imfiraji a kan karin caji, kiɗan da matasa ke rawa da shi, ya mayar da shi abin ɗaukar wa'azi.

Akwai wani aro da ya fi waɗannan nisa, wanda muka daɗe da daina ganinsa a matsayin baƙo. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukan Kano da Kura duk watan Mauludi, Alfazazi ne ya tsara ta, mutumin Kurɗuba ta ƙasar Andalus, wanda ya rasu a 1230. Baitocin na Larabci ne, amma muryoyin da muke ɗora su a kai namu ne, kowane zaure da irin nasa. To, a wannan ƙasa ta Andalus, wadda yau take kudancin Sifaniya, an yi irin gardamar da muke yi, kuma sun riga mu nisa a cikinta.

Waƙarsu ta gargajiya sunanta filamenko. Ta girma ne a hannun talakawa, musamman al'ummar Gitano, waɗanda asalin kakanninsu arewacin Indiya ne, suka iso Sifaniya a ƙarni na 15. Kamar namu, wasu rassanta na sana'a ne. Akwai waƙar maƙera da ake rerawa ba jita, sai bugun guduma a kan uwar maƙera. Akwai ta masu sussukar alkama, akwai ta masu haƙar ma'adinai. Tun a 1922 wasu masana, cikinsu har da mai tsara kiɗa Manuwel de Faya da mawaƙi Garsiya Lorka, suka shirya gasa a birnin Giranada don ceto tsantsar waƙar, saboda a ganinsu kasuwa ta fara ɓata ta. Kukan cewa gargajiya na mutuwa ya haura shekara ɗari a can.

A 1979 babban mawaƙinsu Kamaron de la Isla, ɗan maƙeri, ya fitar da faifai mai suna La leyenda del tiempo, ya shigo da jita mai lantarki da gangunan Turawa, har da sitar ta Indiya. Tsofaffin masoyansa suka fusata, wasu suka mayar da faifan kanti suna cewa wannan ba Kamaron ba ne. Yau ana lissafa shi cikin fayafayan da suka buɗe wa filamenko sabuwar hanya. Abokinsa Pako de Lusiya, gwanin jita, ya je Lima ta ƙasar Peru a ƙarshen shekarun 1970, ya ga wani akwatin katako da ake zama a kai ana bugawa da tafin hannu. Sunansa kahon, kuma jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙirƙiro shi. Ya taho da shi gida. Cikin shekaru kaɗan akwatin ya zauna daram, har yaran yau a can suna ɗaukarsa kayan kakanni. A 1988 kuma ƙungiyar Ketama ta haɗu da Tumani Diyabate, makaɗin kora na Mali, suka yi faifan da suka sa wa suna Songhai, sunan daular da ta yi maƙwabtaka da ƙasar Hausa. Hukumar UNESCO ta sa filamenko cikin jerin gadon al'adun duniya a 2010, da akwatin Peru da komai.

Abin da na fi riƙewa daga labarinsu shi ne irin mutanen da suka yi wannan haɗi. Kafin Kamaron ya taɓa jita mai lantarki, ya shafe kusan shekara goma yana fitar da faifan tsantsar gargajiya tare da Pako, tun daga 1969. Ya san kowane reshe na waƙar, ya san inda za a lanƙwasa da inda in an taɓa zai karye. Masu lambu a Bunkure sun san wannan a aikin aurar da mangwaro: kana iya ɗauko reshe daga ko'ina, amma sai gindin da za ka ɗaura shi a kai yana da rai da saiwa a ƙasar, in ba haka ba duka biyun za su bushe.

Mu namu sabon reshen ta sinima ya shigo. Finafinan Indiya sun mamaye gidajen kallo na Kano, irin su Plaza da Orion da Marhaba, shekaru masu yawa kafin a fara fim ɗin Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990. Tun kafin fiyano, makaɗa irin su Abdu Yaron Goge da Ali Makaho sun riga sun gwada ɗora kalmomin Hausa a kan karin waƙoƙin Indiya da kayan kiɗanmu. Masu bege ma suka bi. Bandiri, wanda shi kansa ta hanyar ɗariƙar Ƙadiriyya ya kafu a Kano, ya samu ƙungiyoyin matasa irin su Ushaƙu Indiya, waɗanda ke ɗauko karin waƙar soyayya ta fim su cire kalmominta su zuba yabon Manzon Allah. Sannan aka shigo da fiyano na Yamaha cikin sitidiyoyin Kano. Fim ɗin Sangaya, a daidai shigowar shekarar 2000, ya nuna wa kowa cewa na'urar nan tana iya kwaikwayon sautin kayan kiɗanmu, kuma jama'a za su saya. Daga nan ƙofa ta buɗe, waƙoƙin nanaye suka cika gari.

Alherin da wannan ya kawo ba ƙarami ba ne, kuma ban yarda a raina shi ba. A da, kiɗa gado ne, kuma gadon da ake yi wa kallon roƙo. Ɗan malami ko ɗan attajiri da ke da murya sai ya haɗiye ta. Fiyano ya raba waƙa da wannan tabo. Yaron da ya tara kuɗin ƙwadagon dashe zai iya hawa mota daga Kura da safe, ya shiga sitidiyo a Kano, ya dawo da waƙarsa a waya kafin magariba, ba sai ya ciyar da makaɗa da 'yan amshi goma ba. Mata sun samu hanya. Rubutacciyar waƙa, wadda a da ake rera ta ba kiɗa, ta haɗu da waƙar baka a hannun irin su Aminu Ala, wanda ya zo da ƙafiya da ma'aunin marubuta ya ɗora su a kan kiɗa. Naziru M. Ahmad ya dawo da salon waƙar fada cikin sitidiyo, har matasan da ba su taɓa zama sun saurari Narambaɗa ba suka ji daɗin kirarin sarauta.

Yanzu ga gaskiyar dattawa. Ka tsaya kusa da mai kalangu ka duba hannunsa na hagu. Gangar tana hammatarsa, igiyoyin fata sun haɗa fuskokinta biyu. Ya matse, murya ta hau. Ya saki, ta sauka. Gula tana bugu, amma hammata ce ke magana. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, mai ja da gajartawa, kuma kalangu an yi shi ne daidai wannan hawa da sauka, shi ya sa yake iya kiran sunan mutum, mai sunan ya waiwayo. Bayan haka, mai kalangu yana sauraro. In Shata ya hango wani ya shigo fili ya yanke shawarar sako shi cikin waƙa nan take, makaɗa za su ba shi hanya, su rage, su jira, 'yan amshi su riƙe gindi har ya gama ya dawo. Ba a taɓa yin waƙa ɗaya sau biyu iri ɗaya ba.

A sitidiyo abin ya juya. Mawaƙi ya rera amshinsa, mai kiɗa ya zaɓo bugu daga cikin na'ura, ya saita gudunsa, ya kulle. Daga nan mawaƙi ne zai bi kiɗa, kiɗa ba ya bin kowa. Mai amshi ta rera sau ɗaya, a kwafa a manna a duk inda ake bukata, don haka amshi na goma bai san abin da ɗa na tara ya faɗa ba. In karin waƙar aro ne daga wani harshe, sai a tanƙwara kalmar Hausa don ta shiga, a ja inda ba a ja, a ɗaga inda ake saukewa, har mai sauraro ya kasa gane abin da aka ce sai ya maimaita. Na'urar gyaran murya kuma ta goge ɗan kaushin nan da ke sa ka gane Ɗan Anace daga jin kalma ɗaya. Wannan rashi ne na gaske, kuma yana damuna. Baƙuncin na'urar bai dame ni ba, tunda gwangwanin Ɗan Maraya ma baƙo ne. Damuwata ita ce yawancin masu sarrafa ta ba su taɓa zama kusa da mai kalangu ko mai kotso na tsawon damina ɗaya ba, sun san sautin kayan amma ba su san maganarsu ba.

Kuma gyara ba ya bukatar a fasa fiyano. Masu kalangu da kotso da gurmi da kukuma suna nan da ransu, a Kano da ƙauyukanta, wasunsu yau ƙwadago suke yi a fangalan nan domin biki ya koma hannun dije. Tsofaffin faifai suna ajiye a gidajen rediyon Kano da Kaduna. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu a littattafai, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigin yadda fim da na'ura suka sauya kiɗan. Wasu mawaƙan zamani sun fara gayyato mai kalangu na gaske ya buga a kan abin da na'ura ta shimfiɗa, kuma ko yaro ya ji irin wannan waƙa ya san ta fi nauyi. Abin da nake so a ƙara shi ne a juya tsarin lokaci-lokaci: a fara ɗaukar mawaƙi da makaɗinsa da 'yan amshi tare a ɗaki ɗaya, suna kallon juna, sannan mai fiyano ya zo ya bi sawunsu.

Noman rani kansa yana jiran mawaƙinsa. Gero da dawa sun samu waƙoƙi da taken gwarzaye, amma shekara hamsin bayan Tiga, mai dashe da ke wuni a sunkuye cikin taɓo, da matan da ke turara shinkafa a Kura, da mai tumatir da ya kai kwanduna Kwanar Gafan ya tarar kasuwa ta faɗi, da wanda gonarsa ke ƙarshen magudana yana kwana jiran ruwa, ba su cika jin kansu a cikin abin da ke fita daga sifikar da ke rataye a gonarsu ba. Ɗan Maraya da ya ga irin waɗannan mutane a tashar mota bai wuce su ba.

Akwai kuma batun suna da lada. A bangon faifan farko na Kamaron an rubuta sunan mai jitarsa tare da nasa, don a can ana ganin makaɗi abokin aiki ne. A nan, in an gayyato mai kalangu sitidiyo, sau da yawa sallamarsa ake yi da kuɗin mota da ɗan abin cefane, waƙa ta fita ta zaga Najeriya da Nijar da Gana, a ambaci mawaƙi da sitidiyo da wanda ya ɗauki nauyi, shi kuwa ba a san ko wane ne ba. Ɗansa yana ganin haka, shi ya sa in aka miƙa masa gula yake kau da kai ya ce gara ya sayi injin ban-ruwa. A rubuta sunan makaɗi a jikin waƙa, a faɗe shi a rediyo, a yanka masa kaso cikin abin da waƙar ta samo a YouTube da wurin biki, kamar yadda ake yanka wa mai kiɗan fiyano nasa.